Idan fizibil na mota ya yi ta ƙonewa

Da yawa cikin motocin da ke ɗauko mu da kayan gonarmu daga Baleyara, Kollo ko Sayi zuwa kasuwannin Yamai tsofaffi ne. Masu su kan ƙara musu manyan fitilu, rediyo mai ƙarfi ko wurin cajin salula. Bayan haka sai fizibil ya riƙa ƙonewa. Yau za mu koyi dalilin haka da maganinsa.

Mene ne fizibil?

Fizibil, wanda wasu ke kira fiyus, ɗan siririn ƙarfe ne cikin roba. Shi ne mai gadin wayoyin mota. Idan wuta ta fi ƙarfin waya, sai ya narke ya yanke ta kafin waya ta kama da wuta. Ke nan ƙonewarsa gargaɗi ne.

Kowane fizibil na da lamba, ana ƙidaya ta da amper. A irin masu ƙafa biyu, launi na nuna lambar: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Me ke ƙone shi?

Na ɗaya, kaya sun yi wa layi yawa. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Fitila biyu masu wat 100 kowace sun zama wat 200. Idan muka raba 200 da 12, za mu samu kusan amper 17. In an jona su a layin rediyo mai fizibil 10, dole ya ƙone.

Na biyu, waya ta kware ta taɓa ƙarfen mota. Girgizar hanyar ƙauye na goge robar waya, zafin bazara na busar da ita, ɓera kuma na gaigayar ta, musamman a motar da ke ɗaukar hatsi.

Na uku, ruwan damina ya shiga fitila ko mahaɗin waya.

Yadda za mu gano laifin

1. Mu kashe mota, mu cire kan batir mai alamar ragi (-).
2. Mu cire duk kayan da aka ƙara a wannan layi.
3. Mu sa sabon fizibil mai lamba ɗaya da tsohon, mu mai da kan batir, mu kunna mota.
4. In ya ƙone nan take, waya ce ta taɓa ƙarfe. Mu bi ta da ido, musamman inda ta ratsa rami a jikin mota ko bakin ƙofa.
5. In bai ƙone ba, mu mai da kayan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙone shi, shi ne mai laifi.
6. In sai mota ta faɗa rami yake ƙonewa, akwai waya mai lilo da ke taɓa ƙarfe.

Abin da ya kamata mu kiyaye

Kada mu sa fizibil 30 a wurin na 10. Kada mu cusa guntun waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli a madadinsa. Yin haka korar mai gadi ne: waya za ta yi zafi, ta narke, mota ta kama da wuta da mutane da buhunan hatsi a ciki.

Duk kayan da za a ƙara, mai gyaran wutar mota ya ja musu waya mai kauri tun daga batir, da nasu fizibil kusa da batirin. Mu ajiye fizibil na ko-ta-kwana a mota. In gobara ta tashi, mu fitar da mutane da farko, mu kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin fizibil?
2. Fitila biyu masu wat 60 kowace, amper nawa suke ja?
3. Don me ba a sa waya a madadin fizibil?