Yadda ake gyaran gida a Danko ba tare da an toshe wa maƙwabta hanya ba

Mai gyaran gida yakan lissafa kuɗin siminti da bulo da ladan birkila, ya manta cewa lungun da tifa za ta juye yashi na jama'a ne. A gari irin Danko, inda babur da amalanke da 'yan makaranta ke bin hanya ɗaya, wannan mantuwa ce ke haddasa rigima. Don haka aikin farko na baki ne. Mako guda kafin a kawo kaya, ka bi maƙwabtanka gida-gida ka gaya musu ranar farawa da tsawon aikin, sannan ka sanar da mai unguwa, tunda shi ake fara kai wa ƙara kafin magana ta kai gaban hakimi ko ofishin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a Ribah.

Daga nan sai wurin sauke kaya. Yashi da tsakuwa su zauna jikin katangarka, a bar faɗin da mota za ta wuce da mai naƙuda cikin dare. Idan lungun ya yi ƙunci, tifa ta juye a fili mafi kusa da izinin mai shi, leburori su kwaso da baro. Wani zai ce wannan ƙarin kuɗi ne. Gaskiya ne, amma ƙasar Zuru, inda Danko take, na samun ruwa mai ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba, kuma yashin da aka zuba bakin magudana rabinsa ruwa ke ja, ragowar ya toshe kwata, ruwan ya koma ɗakin maƙwabci. Kuɗin baro bai kai wannan asara ba. Ka kuma tsayar wa direba lokaci: ban da sa'ar tafiya makaranta da tashi, ban da lokacin sallar Juma'a da safiyar Lahadi, ban da ranar kasuwa. Baburan ma'aikata su shiga cikin gida.

Abin da ya fi nauyi shi ne rai. Ramin shadda da duron ruwan kwaɓa siminti a rufe su da katako mai kauri duk yamma, a lanƙwasa kan rodi, a tsince ƙusoshi, a ɗaure kwanon rufi don iska. Masu cewa kowa ya kula da ɗansa sun san yaro ba ya ganin tulin yashi ya wuce, kuma wanda ya haƙa ramin shi ne ya san inda yake. Ka ɗora wa mutum ɗaya cikin ma'aikata alhakin zagayawa kafin magariba, ka ba maƙwabta lambar wayarsa.