Baƙon Kwana Biyu a Kaduna: Masauki da Kasuwa Daga Barnawa

Kowace Juma'a da la'asar motoci na sauke baƙi a tashar Kawo da ta Mando da garejin Television, jirgin ƙasan Abuja kuma yana juye nasa a Rigasa. Wani ɗaurin aure ne ya kawo shi, wani ɗansa ya zo dubawa a makaranta, wata kayan ɗakin 'yarta ta zo haɗawa, wani kuwa ma'aikaci ne da ke son ya huta a inda kuɗinsa zai fi yin auki. Ran Lahadi da yamma duk sun watse. Domin irin wannan baƙo aka rubuta takardar nan, musamman wanda aka ce da shi ya nemi masauki a Barnawa.

Kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, ɗan'uwa, fara sanin inda kogi yake. Kogin Kaduna ya ratsa garin ya raba shi biyu. Tun da Turawa suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, manyan ofisoshin mulki da babbar kasuwa suka zauna a arewacin kogi. Kudu kuwa ta zama ta mahaɗar jirgin ƙasa da masana'antu. Masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo bayanta, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Barnawa tana wannan ɓangaren, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, tana maƙwabtaka da Kakuri da Narayi. Unguwar zama ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa da waɗanda suka yi ritaya, kuma a cikinta Asibitin Tarayya na masu taɓin hankali yake, da wani reshe na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Masaƙu sun daɗe da yin shiru, amma Barnawa ba ta mutu tare da su ba. Ta cika da ƙananan otal-otal da gidajen abinci da shaguna.

To, duk wanda ya sauka a kudu alhali harkarsa tana arewa, tilas ya bi ta gada, gadojin kuwa ƙidayayyu ne. Tsohuwar gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello ita ta fi ɗaukar jama'a, safe da yamma mota kan daɗe a kanta tana jan ciki. A zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i an ƙara wata da ta haɗa Kabala Costain da titin Aliyu Makama, ta rage wa mutanen Barnawa wahala ƙwarai. Duk da haka, tun kana gida ka ɗauki takarda ka rubuta wuraren da za ka je, ka tambayi ɗan gari ɓangaren da kowanne yake. In ɗaurin auren a Masallacin Sultan Bello ne, walima a Malali, dubiya kuma a Asibitin Ido ta wajen Mando, Barnawa ba masaukinka ba ce, komai arahar ɗakin. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi, rangwamen da ka samu a otal sai ya ƙare a hannun mai Keke Napep. Amma in harkarka a Kakuri take, ko Sabon Tasha, ko hanyar Kachia, ko kuwa da motarka ka taso daga Abuja, wadda hanyarta ta kudu take shigowa, to ka dace.

Akwai wata magana da ba a cika son faɗa a fili ba, amma baƙo zai ji ta tun a mota. Bayan rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002, mutane da yawa sun sauya unguwa, Musulmi suka fi taruwa a arewa, Kirista a kudu. Har yau akwai mai ce maka kada ka kuskura ka kwana a tsallaken gada. Barnawa na cikin unguwannin da suka ƙi rabuwa. Za ka ji kiran salla da asuba, ka ji waƙar coci ran Lahadi, ka sayi burodi wurin Bahaushe, magani wurin Ibo, ka gaisa da Bayarbe da Bajju da Gbagyi a layi ɗaya. A ganina wannan ne babban abin da ya sa ta dace da baƙo, don ba wanda zai dube ka sau biyu saboda hularka ko rashinta. Sai dai zaman irin wannan wuri yana da ladabinsa. Teburin mai shayi ba wurin gardamar addini ko ta siyasa ba ne ga wanda bai san da wa yake zaune ba. In kuma ka ji an ce gari ba lafiya, ka saurari rediyo da mai masaukinka, ka bar jita-jitar waya.

Batun masauki kuwa, a da, in babban baƙo ya zo Kaduna, Hamdala ake kai shi, ko Durbar, wanda aka gina domin hawan daba na bikin FESTAC a 1977. Durbar dai an rushe shi a Janairu 2020. Baƙon yau zaɓinsa ya fi haka yawa, ruɗaninsa ma haka.

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne gidan dangi, kuma ban ga abin da ya kai shi ba in an yi shi bisa ƙa'ida. Ƙa'idar ita ce a sanar da wuri, a faɗi mutum nawa, a faɗi ranar tafiya. Mai gida zai ce maka, "Haba, Yaya, ai gida naka ne," kuma da gaske yake. Amma ɗawainiyar a kan uwargida za ta faɗa, ita za ta tashi yara daga ɗakinsu, ita za ta ƙara awo a tukunya a wannan zamani na tsadar abinci. Gidajen birni ba irin na gida ba ne mai zaure da turakar baƙi, sau da yawa ɗaki biyu ne da falo. Wanda ya zo shi kaɗai ya sauka wurin ɗan'uwansa da 'yar tsarabarsa a hannu. Wanda ya kwaso tawagar biki kuwa, ya kama musu ɗakuna a kusa, ya riƙa zuwa gaisuwa da cin tuwon dare. Zumuncin zai fi ƙarko.

In otal ne, kada ka biya sai ka ga ɗakin da idonka, kuma ɗakin da za ka kwana, ba wanda ake nuna wa baƙi ba. Murɗa famfo ka ga ko ruwa na zuwa. Duba sakatar ƙofa da ragar taga, don sauron bakin kogi ba ya wasa. Sa'an nan ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: in an ɗauke wuta, ƙarfe nawa ake tada janareto, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kaɗai? Yawancin bambancin farashi tsakanin otal da otal a nan yake, a kuɗin gas da sola. Otal mai araha da ke kashe inji tsakar dare a watan Afrilu ya sayar maka da gumi ne. A tambayi lokacin barin ɗaki, galibi sha biyun rana ne, a kuma karɓi rasit. Mai mota ya tabbata akwai wurin ajiyewa a cikin katanga da mai gadi. Mai salla ya tambayi alƙibla da masallaci mafi kusa.

Barnawa ta yi suna da hirar dare. Akwai layukan da in magariba ta yi sai wuraren gasa kifi da mashaya su buɗe, kiɗa na tashi har tsakar dare, balle daren Juma'a da na Asabar. Wani wannan ya zo nema, ba ruwan takardar nan da shi. Amma wanda ya zo da iyali, ko da tsohuwa mai zuwa ganin likita, ko 'yar'uwar da ta zo ita kaɗai, ya kamata su sani cewa otal ɗin da ya yi tsit da azahar yana iya zama wani abu dabam da ƙarfe goma na dare. Tambayi mai kanti ko mai wanki da ke layin, ba ma'aikacin otal ba. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji Hausawa. Layi biyu ko uku daga babban titi sai ka sami wuri shiru, wani lokaci ma da sauƙin kuɗi.

Sabon yayi shi ne gidan da ake haya na kwana-kwana, da kicin da kujeru da komai. Ga masu biki yana da amfani, don za a yi girki a kwana wuri ɗaya. Haɗarinsa a wurin biya yake. Hoto a Facebook ko Instagram ba shaida ba ne cewa gidan yana nan, ko kuma na mai tallar ne. Kada ka tura kuɗi asusun mutumin da ba ka sani ba sai wani naka ya je ya shiga gidan. Ka kuma tambayi kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, da sharaɗin mayar da shi, a rubuce. In da damina ne, musamman Agusta da Satumba, a guji gidajen da ke gangaren kogi, don yakan cika ya shiga unguwannin da ke gaɓarsa.

Yanzu sai kasuwa. Kuskuren baƙi shi ne neman komai a wuri ɗaya. Abin buƙatar yau da gobe, sabulu, ruwan roba, magani, cazar waya, duk akwai a shagunan Barnawa da rukunin kantunan da ake kira Complex, ba sai ka tsallaka ba. Farashin kanti a rubuce yake, ba ciniki, ka biya ka tafi. Amma sayayya mai nauyi tana hayi. Babbar kasuwa, wadda aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, tana daura da titin Ahmadu Bello, nan ne wurin atamfa da leshi da shadda da kayan kicin. Kasuwar Barci a Tudun Wada ta shahara da gwanjo da teloli, an rushe ta a 2020 aka sake gini, don haka wanda rabonsa da ita ya daɗe kada ya dogara da tsohon kwatance. Kayan abinci, Bakin Dogo. Aikin ƙarfe da ƙere-ƙere, Panteka, inda za a ƙera maka murhu ko ƙofa ko injin niƙa, sai dai wannan ba aikin kwana biyu ba ne, a ba da shi a dawo.

Ranar ma abin lura ce. Kasuwar Kakuri ta mako ran Litinin take ci, ta Kawo ran Talata, saboda haka baƙon ƙarshen mako ba zai same su a cikarsu ba. Ran Juma'a shaguna da yawa kan rufe lokacin salla, ran Lahadi kuma da yawa ba sa buɗewa sam, ko sai an taso daga coci. Asabar ce ranarka, kuma da hantsi, kafin rana ta take, jama'a su cika. Wanda ke son haɗa tafiyar da wata harka a ma'aikatar jiha ya fara tambaya, domin a Disamba 2021 gwamnatin Kaduna ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako, aka cire Juma'a.

A babbar kasuwa kada ka saya a shagon farko. Taya a wuri uku tukuna. In ɗan kamasho ya tare ka a ƙofa da "Alhaji, me ake nema?" ko "Hajiya, zo ki gani," ka sani ladansa a cikin kuɗin kayanka zai fito. Atamfa a duba gefenta a taɓa jikinta, don kwaikwayo ya yi yawa, kuma abin takaici ne a garin da ya taɓa tufatar da Arewa yawancin abin da ke rumfuna yanzu daga waje yake zuwa. Riƙe ɗan tsabar kuɗi don Keke da ɗan dako, sauran ka biya ta waya ko wurin mai POS. In ka tura kuɗi, ka tsaya har mai shago ya ga shigarsu, a rabu lafiya.

Tsaraba kuwa, sayi abin ƙasar. Kudancin jihar nan, wajen Kachia da Kafanchan, shi ne gidan citta a Nijeriya, ana kuma samun zuma da acca da doya daga can. Wannan ya fi ka ɗauki biskit ɗin da ake sayarwa a bakin layinku.

In sayayya ta ƙare da wuri, wurin shaƙatawa na Gamji na nan a bakin kogi, wurin da yanzu ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, da 'yar gadar ƙarfen Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Gidan Sardauna a titin Rabah, watau Arewa House, ya cancanci awa guda, yara su ga inda Firimiyan Arewa ya zauna.

Komawa ita ma a shirya ta tun ran isowa. Jirgin Abuja, wanda aka buɗe a Yuli 2016, tafiyar kilomita 186 yake yi tsakanin Rigasa da Idu. Bayan harin Maris 2022 an dakatar da shi har Disamba, da ya dawo kuma aka tsananta neman shaidar ɗan ƙasa wajen sayen tikiti. Ana sayen tikitin ta intanet, na Lahadi kan ƙare da wuri. Rigasa kuwa can yamma take, a tsallaken kogi, da nisa daga Barnawa, saboda haka ka yi magana da mai motar da zai kai ka tun daren Asabar, ku yanke kuɗi, ka fita da sauran lokaci a hannu. Mai bin hanyar mota, ko Abuja ko Zariya da Kano, ya bar otal kafin azahar, ya isa gida da rana.