Kafin a Kaɗa wa Gidan Mahaifinku Ƙararrawa

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Tun ranar da babban wanku ya same ni bayan La'asar, ya ce shawararku ta tsaya a kan a je gaban alƙali a nemi a yi gwanjon gidan GRA da gonar hanyar Dutsin-ma, kowa ya karɓi nasa ya kama gabansa, maganar take cina a rai. Ban ba shi amsa a ranar ba, domin irin wannan magana ba a yanke ta a tsaye. Na ga gara in rubuta kowa ya karanta da idonsa, har da 'yan'uwanku mata da ke gidajen aurensu, kada a ce an gaya wa wani an ɓoye wa wani. Shekara arba'in muna sahu ɗaya da mahaifinku a masallaci. Wannan ne kawai hurumina a cikin maganarku, kuma da shi nake roƙon ku saurare ni.

Ba zan ce muku gwanjo haramun ne ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa ɗaga shimfiɗa da ƙoƙon wani mabuƙaci ya nemi mai saye. Wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, wani ya ba da biyu, ya sallama masa. A Risala ma, wadda kuka karanta a gaban malam kuna yara, an bayyana cewa dukiyar tarayya da ba ta rabuwa sai da ɓarna, idan ɗaya daga cikin masu ita ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Saboda haka wanda ya ce a fitar masa da haƙƙinsa a cikinku bai yi laifi ba, kada a riƙa yi masa kallon mai raba zumunci. Wataƙila bashi ne ya sha masa kai, wataƙila kuɗin makarantar yara ne, kunya ta hana shi faɗa. Abin da nake jiye muku shi ne hanyar da kuka zaɓa da kuma gaggawar da kuke yi.

Ku fara sanin abin da ke hannunku. Turawa ne suka keɓe GRA a bayan ganuwa domin ma'aikatansu, suka yanka filaye manya-manya. Lokacin da mahaifinku ya sami nasa, Katsina tana ƙarƙashin Jihar Kaduna, mutanen cikin gari kuwa gani suke ya tafi daji ya bar dangi. Da aka ba mu jiha a ranar 23 ga Satumba 1987, garin ya zama hedikwata, sai ƙasar unguwar nan ta fara tsada, har yau kuma ba ta daina ba. Ku zaga ku gani da kanku. Inda da gida ɗaya ne da lambunsa, yanzu gida huɗu ne, ko otal, ko makaranta. Wanda zai zo taya gidanku bai damu da ɗakunan da aka haife ku a ciki ba, ƙasar yake so. Zai rushe ginin, ya sare bedi da mangwaron da mahaifinku ya dasa da hannunsa, ya yanka filin ya sayar. Ya riga ya yi lissafinsa tun kafin ya fito daga gida. Ku kun yi naku?

Na taɓa tsayawa a wurin gwanjon gida sau ɗaya, ban kuma so in sake ba. Wani maƙwabcinmu ne ya kai takardar gidansa banki ya karɓi rance don kwangila, kuɗin kwangilar suka maƙale, ruwa ya yi ta hawa. Ranar da aka zo, masu tayi ba su kai goma ba, kuma duk sun san juna. Na gan su a gindin bishiya suna ƙus-ƙus kafin a fara. Da aka buɗe ciniki, biyu suka ɗan ja, sauran suka yi shiru kamar an ɗaure musu baki, aka kaɗa ƙararrawa. Matar gidan tana leƙe ta taga, yara sun riƙe mata zane. Da aka cire bashi da ruwansa, da kuɗin lauya, da la'adar mai gwanjo, abin da ya rage bai isa ya saya musu ko ɗaki biyu a bayan gari ba. Shekara ba ta zagayo ba wanda ya saya ya sayar da rabin filin kawai a kan abin da ya fi kuɗin da ya biya gaba ɗaya. Shari'a ta hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara farashi ba da niyyar saye ba don ya ruɗi wani, malamai kuma sun hana masu saye su haɗa baki su danne farashi. Amma ranar gwanjo babu mai iya buɗe zuciyar kowa. Duk mai saye ya san kayan da aka kawo gaban ƙararrawa dole ne a rabu da su a ranar, mai kaya ba shi da bakin cewa albarka.

Malamanmu na Malikiyya sun san wannan tun da daɗewa. A Muhtasar na Shehu Halil, inda ake maganar wanda bashi ya cinye dukiyarsa har alƙali ya sa hannu, an ce a gaggauta sayar da dabbobinsa domin suna ci suna ramewa, amma gida da gona a saurara musu kamar wata biyu ana neman ƙari. A yi cinikin a gabansa, a kuma bar zaɓi na kwana uku ko wani zai zo da tayin da ya fi. Dokar ƙasa ma ba ta yarda a taɓa gidan wanda ake bi bashi ba sai an nemi kayansa masu ɗaukuwa an ga ba su isa ba, bayan an sayar kuma akwai kwana 21 da za a iya komawa kotu a nemi a rushe cinikin idan an yi ba daidai ba. Wannan duk rangwame ne ga wanda masu bashi suka tsaya a kansa. Ku kuwa babu wanda ya tilasta muku sayarwa. Me zai sa ku yi wa kanku abin da shari'a ba ta yarda a yi wa matsiyaci ba?

Ga abin da nake ganin ya fi. Ku samo masu ƙiyasta kuɗin gida guda biyu ko uku waɗanda ba su san juna ba, kowa ya rubuta nasa, a karanta a gaban kowa. Bari in yi misali da lissafi mai sauƙi. A ce bayan an biya bashin mamaci an fitar da wasiyya, gidan ya tsaya a naira miliyan 80. Iyayenku mata biyu suna da tumuni, miliyan 10, su raba. Saura miliyan 70 tsakanin maza huɗu da mata shida, kashi 14 ke nan, kowace mace miliyan 5, kowane namiji miliyan 10. To idan mutum biyu ne ke son fita, abin da ake nema bai wuce miliyan 20 ba. Ashe ba sai an rushe gida dungurungum ba. Masu hali a cikinku su sayi kason masu son fita, ko a yanki gefen filin da babu gini a sayar a sallame su. Shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a, shi ya fi bare cancantar sayen kason ɗan'uwansa muddin ba a raba an sa iyaka ba. Idan ba za a iya biya a dunƙule ba, a sa lokaci, a rubuta, a kafa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kada wani ya ce ai tsakanin 'yan'uwa ne ba sai an rubuta ba.

Ku kuma tambayi iyayenku mata, tambaya ta gaskiya, a ɗakinsu, ba a tsakiyar taro ba. Mace ta shekara talatin da wani abu a ɗaki, ta gama takaba, sai a ce ta kwashe kayanta ta koma gidan haya ko gidan suruki? Za ta ce muku babu komai, don kara. Ku dubi fuskarta. Haka 'yan'uwanku mata, kowace ta faɗi ra'ayinta da bakinta, kada miji ko wa ya amsa a madadinta. Autanku bai balaga ba, kasonsa amana ce a wuyanku, kun kuwa san gargaɗin da ke farkon Suratun Nisa'i game da dukiyar maraya.

Ita gona ban ga dalilin kai ta kasuwa ba sam, domin tana rabuwa da igiya, kowa ya san iyakarsa. Tun da aka kafa jami'ar jiha a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, gari yake tafiya ta hanyar Dutsin-ma, gonakin jiya sun zama unguwanni. Ku tuna da mutanen Batsari da Safana da Jibiya da suka sayar da gonakin gado a wulaƙance don su fanso 'yan'uwansu daga hannun 'yan bindiga, wasu kuma gonakin na nan amma ba su isa su taka su ba. Ku taku kuna zuwa da rana tsaka ku dawo lafiya. Wanda ba zai iya noma ba ya ba da haya, ya karɓi buhunan gero da wake da kaka. Kuɗin takarda kuwa kun ga abin da ya same su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da gona a farkon 2023 ya ajiye kuɗin a banki, yau ba zai iya sayen rabinta ba.

Idan kun bi duk wannan kuka ga babu makawa sai an sayar, to a sayar, ba zan riƙe ku ba, amma ku fara gyara takardu. Tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna, mai gida takardar izinin zama yake riƙe da ita, kuma ba a mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna. Ku je ma'aikatar filaye a buɗe fayil, a ga ko akwai kuɗin ƙasa da ba a biya ba, a tabbatar takardar ba ta jingine a wani wuri. Gida mai tsabtar takarda shi ke jan masu saye na kirki. Sannan ku baza labari, ku ba dillalai fiye da ɗaya, ku sa farashin da ba za ku sauka ƙasa da shi ba, ku riƙe bakinku na cewa albarka har ranar da tayi ya yi muku.

Abin da nake roƙo a wurinku kaɗan ne. Kada kowa ya kai takarda kotu sai nan da wata biyu. Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, ku taru a falon mahaifinku, mazanku da matanku, babban wanku ya zo da fayil ɗin gidan da na gonar. Zan zo da liman in Allah ya kai mu.