Ƙwallon Ƙafa: Sa'a Ce Ko Ƙoƙari?

A Tanut da Belbeji, da garuruwan Damargu irin su Gangara da Olelewa, samari suna son ƙwallon ƙafa. In rana ta yi sanyi sai a kafa sanda biyu nan, biyu can, a yi ta buga tamola har magariba. Da dare kuma a taru gindin rediyo ko gidan kallo. Ba a tashi sai an yi gardama.

Ga wata gardama da ba ta ƙarewa. In ƙaramar ƙungiya, wadda ba ta da kuɗi, ba ta da suna, ta wuce manya ta zama zakarar ƙasa, me ya ba ta? Wasu su ce sa'a ce kawai, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wasu su ce a'a, guminta ta ci.

Maganar ba ta wasa ba ce. Samarin da suka ɗauka komi sa'a ne ba su zuwa horo. Kuɗin da suka tara na sayen ƙwallo, wajen mai laya yake tafiya. Su kuma waɗanda suka ɗauka babu sa'a ko kaɗan, ran da aka cinye su sai su ce alƙalin wasa ne ya cuce su. Daga nan sai faɗa, har gari biyu su daina ga-maciji.

Shekarar Damagaram

An fara gasar zakarun ƙwallo ta ƙasar Nijar a 1966. Tun daga lokacin, ƙungiyoyin Yamai ne suke ɗaukar ta, shekara bayan shekara. Sai a 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta karɓe. Da shekara ta kewayo, a 1984, sai ga Espoir ta Damagaram ta zama zakara. Espoir kalmar Faransanci ce, ma'anarta sa rai. Dattawan Damargu ba su manta da 1984 ba, don ita ce shekarar babban fari, wadda dabbobi suka mutu, mutane suka yi gudun yunwa. A cikin wannan baƙar shekara ce jahar Damagaram ta sami wannan ɗan farin ciki.

Daga 1985 har zuwa 2024, duk zakaran da aka yi ɗan Yamai ne.

Masu cewa sa'a, da wannan suke kafa hujja. Suna cewa: in da gwaninta ce, don me ba a sake ba? Masu cewa ƙoƙari su amsa: sa'a ba ta barin Yamai shekara biyu a jere, ta sauka Maraɗi, ta zarce Damagaram. Kafin a raba su, sai a san yadda ake zama zakara.

Yadda ake ƙidaya

Gasar ƙwallo iri biyu ce. Akwai ta kofi, wato sili ɗaya ƙwale. Ita kamar kokowa take: kaye ɗaya, an fitar da mutum. Kowa ya san ƙato yana iya yin tuntuɓe, gwiwarsa ta taɓa ƙasa, yaro ya tashi da suna. A irin wannan gasa sa'a tana da babban wuri.

Akwai kuma gasar zakaru, wadda ake kira shampiyona. A tsarin da aka fi sani yau, kowace ƙungiya tana karawa da kowace, sau ɗaya a gida, sau ɗaya a waje. Wadda ta ci wasa tana samun maki 3. In an yi kunnen doki, kowa maki 1. Wadda aka ci ba ta da komi. Ƙarshen shekara a tara maki. Mai maki mafi yawa ita ce zakara.

A nan tuntuɓe ɗaya ba ya kashe kowa. Yau ƙwallo ya bugi ƙarfe ya shiga raga, gobe ya bugi ƙarfe ya fita. Yau alƙali ya yi kuskuren da ya taimaki ƙungiya, gobe ya yi wanda ya cuce ta. In wasanni sun yi yawa, irin waɗannan suna cinye juna. Mai dara ya san haka. Baƙo yana iya cin gwanin gari sau ɗaya. In sun wuni suna yi, za a san gwani.

Labarin Lesta

Akwai misalin da samari da yawa suka gani da idonsu a talabijin, kuma lissafinsa a rubuce yake. A ƙasar Ingila akwai ƙungiyar Leicester City, wadda ake faɗi Lesta. An kafa ta tun 1884, amma ba ta taɓa zama zakarar Ingila ba. A farkon watan Afrilu na 2015 ita ce ta ƙarshe cikin ƙungiya 20. Kowa ya fid da rai, ana jiran a kore ta zuwa aji na biyu. Sai ta ci wasa 7 cikin 9 da suka rage, ta tsira.

Da za a fara sabuwar gasa, masu caca na Ingila suka ce duk wanda ya aza dala 1 a kan Lesta, in ta zama zakara zai kwashi dala 5000. Caca dai ba abin kirki ba ce. An kawo ta nan don a ga iyakar rainin da aka yi wa ƙungiyar.

Ran 2 ga watan Mayu na 2016, Lesta ta zama zakara.

Ga lissafinta. Ta buga wasa 38. Ta ci 23, ta yi kunnen doki 12, an ci ta sau 3 kacal. 23 sau 3 ya ba da 69. A ƙara 12, ya zama 81. Arsenal da ta zo ta biyu tana da 71. Tsakaninsu maki 10, wato fiye da cin wasa uku. Ba da ƙyar ta sha ba.

Wata tara ana bugawa, cikin sanyi da ruwa, gida da waje. Ta je gidan Manchester City ta ci 3 da 1. Ta je gidan Tottenham ta ci 1 da 0. Ta ci Chelsea, ta ci Liverpool. Wanda ya ce duk wannan sa'a ce, sai ya faɗi inda aka taɓa ganin sa'a ta wuni ta kwana wata tara a gida ɗaya.

Ina ƙoƙarin yake? Na farko, wajen zaɓen ƴan wasa. Lesta ba ta iya sayen masu tsada, sai ta nemo waɗanda manya ba su kula da su ba. Jamie Vardy yana aiki a masana'anta yana buga ƙwallo a ƙananan ƙungiyoyi, kafin daga baya Lesta ta saye shi fam miliyan 1 a 2012. Riyad Mahrez, ɗan ƙasar Aljeriya, daga aji na biyu na Faransa aka ɗauko shi, kuɗinsa bai kai rabin miliyan ba. N'Golo Kante, wanda iyayensa mutanen Mali ne, bai kai miliyan 6 ba. Su ukun wajen fam miliyan 7 ke nan. A wannan shekara Manchester City ta sayi mutum ɗaya, Kevin De Bruyne, wajen miliyan 55. Vardy ya ci ƙwallo 24 a gasar, har ya jera wasa 11 yana ci ba fashi. Mahrez ya ci 17, aka zaɓe shi gwarzon Afirka na 2016.

Na biyu, sun san iyakar ƙarfinsu. Mai horar da su, Claudio Ranieri, dattijo ɗan Italiya, bai ce su yi wasa irin na masu kuɗi ba. Suna barin abokan karawa su riƙe ƙwallo. Su kuma su tsare gida, su matsu wuri ɗaya. Da Kante ya ƙwace, sai a cilla gaba, Vardy ya bi da gudu. Wajen ƙarshen gasa, lokacin da tsoro yake kama ƙananan ƙungiyoyi, sun ci wasa biyar cikin shida, kowane 1 da 0. Ba wasa mai ban sha'awa ba ne. Aiki ne kamar noma.

Inda sa'a ta shigo

To, masu cewa sa'a fa, ƙarya suke yi? A'a. Su ma da gaskiyarsu.

A wannan shekara manyan Ingila duk sun yi rauni lokaci ɗaya. Chelsea, wadda ta zama zakara a 2015 da maki 87, ta faɗo ta 10 da maki 50. Manchester City da Manchester United kowace 66. Ba Lesta ce ta sa musu wannan ciwo ba. Sa'an nan manyan ƴan wasanta ba su ji rauni mai tsanani ba, kusan mutum 11 ɗin nan su ne kullum a fili. Kuma ba ta cikin gasar Turai, saboda haka tana hutawa tsakiyar mako, manya kuwa suna kan hanya.

A duba shekarun da suka biyo. Zakarar 2017 ta tara maki 93. Ta 2018 ta tara 100. Ta 2019 ta tara 98, kuma a wannan shekara Liverpool ta sami 97 amma ba ta zama zakara ba. Da a waɗannan shekaru Lesta ta kawo 81 ɗinta, ko na biyu ba za ta samu ba.

Manomin Damargu ba ya bukatar dogon bayani a nan. Yana yin binne tun ƙasa tana bushe, bai san ran da ruwa zai sauka ba. Wata shekara irin ya ƙone a ƙasa. Wata shekara hadari ya zubar a gonar maƙwabci, ya tsallake tasa. Ruwa na Allah ne, ba mai kawo shi da hauya. Amma ran da aka yi ruwan shuka, gonar da aka binne iri ita ce take tsiro. A 2016 ruwan ya sauka wa ƙananan ƙungiyoyin Ingila duka, don raunin manya bai zaɓi kowa ba. Lesta ce aka tarar da iri a ƙasa.

Don me ba a sakewa?

Saura hujjar nan ta masu cewa sa'a: in gwaninta ce, a sake mana. Amsar tana wajen kuɗi. Wata biyu bayan nasara, Chelsea ta saye Kante, kuma da shi ta zama zakarar 2017. Lesta ta sayo wasu, cikinsu har da Ahmed Musa, wanda ya taɓa buga wa Kano Pillars. Duk da haka ta ƙare ta 12, aka sallami Ranieri a watan Fabrairu na 2017. Ba ta lalace nan da nan ba, don ta ɗauki kofin Ingila a 2021. Amma a 2023 ta faɗa aji na biyu. Ƙaramar ƙungiya in ta yi fice, ta zama kasuwa. Masu kuɗi su zo su zaɓi na zaɓe.

A Nijar ma sai a dubi masu ɗaukar gasar. Da yawa ƙungiyoyin ma'aikatu ne: ta soja, ta jandarma, ta ƴan sanda, ta duwan, ta kamfanin lantarki Nigelec, ta kamfanin mai Sonidep. Suna da inda kuɗi yake fitowa kowane wata. Ƙungiyar Damagaram kuwa, in za ta buga a Yamai, sai ta yi tafiyar kusan kilomita 900, ta ci, ta kwana, ta komo. Yaron da ya yi fice a jaha, babban birni yake sa wa ido. Rashin sake ɗauka bai nuna cewa na 1984 ba su cancanta ba.

Amfanin karanta doka

Ga wani labari na gida da ya dace da masu koyon karatu. A 2011 Mena, ƙungiyar ƙasa, tana neman shiga gasar kofin Afirka. Tana rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Wasa 6 ne kawai. Mena ta ci ukun da ta buga a Yamai, har da Masar mai riƙe da kofin, wadda Musa Ma'azu ya jefa wa ƙwallo ɗaya. Ukun da ta buga a waje kuwa duk an ci ta.

Ranar ƙarshe, 8 ga watan Oktoba, Masar ta ci Mena 3 da 0. Afirka ta Kudu tana wasa da Saliyo. Da suka ji labari sai suka daina neman ci, suka tashi 0 da 0, suka shiga rawa a fili. A zatonsu yawan ƙwallaye za a duba. Ashe dokar gasar ba haka ta ce ba. Ƙasa uku kowace tana da maki 9, saboda haka wasannin da suka yi tsakaninsu ake ƙidayawa. A nan Nijar tana da 6, su biyun kowace 5. Mena ta wuce, karo na farko a tarihi. Sa'a ta taimaka, babu shakka. Amma maki 9 ɗin a fili aka ci su, kuma Mena ta sake samun shiga gasar 2013.

Aikin aji

Malami ya karanta wa ɗalibai, su amsa a allo.

1. Ƙungiya ta buga wasa 10. Ta ci 6, ta yi kunnen doki 2, an ci ta 2. Makinta nawa?

2. Wata ta buga wasa 10, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Ta ci 4, ta yi kunnen doki 6. Tsakaninta da ta farko, wace ce a gaba?

3. Fam miliyan 7 zai shiga cikin miliyan 55 sau nawa? Nawa ya rage?

4. Daga 1984 zuwa bana, shekara nawa ke nan?

5. A tambayi dattawan gari: a shekarar da ruwa ya yi kyau, kowace gona ce take cika rumbu?