Yadda Matan Yarabawa Ke Gadar wa ’Ya’yansu Rinin Adire

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta aiko tana tambaya: wai a ina matan Yarabawa ke koyon rinin adire, tunda ba makaranta ake shiga ba?

To, malama, a tsakar gida ake koyo. Sana’ar mata ce tun asali, saɓanin marinar Ƙofar Mata a Kano inda maza ke rini. Idan kin je kasuwar Itoku a Abeokuta za ki tarar da kaka da uwa da jika a kan aiki ɗaya. Yarinya kan fara da ɗaure tsakuwoyi cikin farin ƙyalle da zare. In hannunta ya faɗa, sai a miƙa mata gashin kaza da kunun rogo ta riƙa zane, domin duk inda kunun ya bushe shuni ba ya kamawa. Haɗa ganyen elu, mai ba da shunin, da ruwan toka kuwa sai an daɗe ana kallon uwa, har a gane nunar tukunya daga kumfarta. Zanen ma suna gare shi, kamar Olokun da Ibadandun.

Misali, mai rinin adire Nike Davies-Okundaye a hannun mahaifiyar kakarta ta gaji sana’ar a Ogidi, jihar Kogi. A 1983 ta buɗe cibiya a Osogbo tana koyar da mata kyauta.

Abin da ke damuna shi ne kwaikwayon adiren da ake bugawa da inji a ƙasashen waje. Ya fi araha, ya cika kasuwa, ’yan mata kuma sun fara gudun tukunyar rini.