Darasin Direba: Motar da Ke Karkarwa In An Tsaya

Jama'a masu motocin haya da na ɗaukar kaya, darasinmu na yau a kan motar nan ne da ke tafiya lafiya lau bisa hanya, amma da an taka birki an tsaya sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, sitiyari na rawa, madubi na rawa, wani lokaci ma ta mutu. Wanda ya ɗauko buhunan dawa daga Bena ko Ribah, motar ta mutu masa a bakin kasuwar Zuru, ya san ba ƙaramar hasara ba ce: ga kuɗin mai, ga masu kaya na jira, ga ciniki na wucewa.

To, abin da makanikai ke ce wa silo, watau juyin da inji ke yi ba tare da an taka totur ba, yakan tsaya tsakanin 600 da 900 a minti ɗaya in inji ya yi zafi. A nan ƙarfinsa ya fi ƙanƙanta, shi ya sa kowace 'yar cuta ke bayyana, gudu kuwa ya ɓoye ta.

Kafin ka fid da ko kwabo, yi wannan gwaji. In motarka mai canja giya da kanta ce, taka birki ka sa ta a giya, sa'an nan ka mai da ita firi. In karkarwar ta ragu ƙwarai alhali ƙarar inji ba ta sāke ba, to ka fara zargin robobin da inji ke zaune a kai, watau injin sit. Ramukan hanyar Rijau zuwa Kontagora da lodin da ya wuce kima su ke tsinka su. Ba gyara gare su ba, sai canji.

In kuwa ka ji injin kansa yana tsallake, yana mis, to silinda ɗaya cikin huɗu ba ta aiki, kuma galibi fulogi ne. Ka bar mota a kunne, ka sami filaya mai roba a hannu, gama wutar nan tana fizga, ka zare wayar fulogi ɗaya ka mayar, ka bi su da ɗai ɗai. Wadda ka zare inji ya ƙara rikicewa, lafiyarta ƙalau. Wadda ka zare bai ko kula ba, ita ce matacciya. Kashe mota, ka bari ta huce, ka kwance fulogin ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙin toka busasshe, mai ya fi iska yawa. Fari fat, mai ya kasa ko zafi ya yi yawa. In ya jiƙe da baƙin mai, wannan kam ba laifin fulogi ba ne, ringi ne ko robar bawul, ko ka sa sabo zai sake lalacewa. A motocin da kowane fulogi ke da koyil nasa, sai ka musanya koyil biyu. In cutar ta bi koyil ta koma wata silinda, ka kama ɓarawo.

Sai iska. Ƙurar hunturu kan toshe iyakilina, a fitar a kakkaɓe ko a canja. Tiyon iska da ya tsage kuma yakan yi shiii in ka kasa kunne. Kada ka yarda a feshe shi da fetur don nemo wurin tsagar, inji na da zafi; ruwan sabulu ya isa.

Mai ma a duba shi, balle wanda aka saya a jarka a bakin hanya. Zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye, in da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Ba a manta da fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ba, wanda ya ɓata injuna da dama.

Ga abin da ni ban so ba. Wani makaniki da ka kawo masa tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, sai ya murɗa sukurun kafireta ya ɗaga silo, karkarwa ta ɓuya, ya karɓi kuɗinsa. Cutar na nan, mota kuma ta ƙara shan mai, a wannan tsadar da aka shiga bayan janye tallafi a 2023. A fara duba fulogi da kwantak da tayimin, a wanke kafireta, sa'an nan a saita.

Masu injekta kuwa, a wanke bakin totur da nozul. In fitilar inji tana ƙyaftawa, kada ka yi doguwar tafiya, a sa mata kwamfuta. Lambar P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ke mis, P0302 ta biyu.

In duk an bi waɗannan ba a dace ba, ga farin hayaƙi a salansa, ruwan lagireto na raguwa, baƙin mai ya koma kamar madara, to gaskit ya ƙone. A ajiye motar, a nemi mai abin awon matsin silinda kafin a buɗe tof.