Barin Aure a Tsufa: Tabattulin da Aka Yi Umarni da Shi da Wanda Aka Hana



Akwai tambayar da ba a yin ta a cikin da'irar wazifa. Sai an shafa fatiha an watse, sannan mai ita ya bi muƙaddami har zaure, ya sassauta murya. Wani dattijo ne a Cadawa da matarsa ta rasu, ƴaƴa sun matsa sai an yi masa sabon aure, shi kuwa ya ce abin da ya rage masa na kwana ya fi son ya ƙarar da shi a kan buzu. Wata tsohuwa ce a ƙauyukan Tibiri da ta fita takaba, ana faɗa mata wai sallarta ba ta hawa sama in babu igiyar aure a kanta. Wani kuma matansa biyu suna nan da rai a Gazawa, amma tun da ya dawo daga Hajji ya ɗauke tabarmarsa ya koma zaure, ya ce ya gama da duniya. Su ukun sunan da suke ba abin ɗaya ne, wato kaɗaita ga Allah, amma shari'a ba ta zuba su a kwando ɗaya ba.

Kalmar da malamai ke amfani da ita a wannan babi ita ce tabattul, asalinta yankewa. Abin lura, kalmar ta zo a wuri biyu da fuska biyu. A aya ta 8 ta Suratul Muzzammil, Allah Maɗaukakin Sarki ya umarci Manzonsa (S.A.W) da ya yanke zuwa gare Shi. A Bukhari da Muslim kuma Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W) ya hana Usmanu ɗan Maz'un tabattuli a lokacin da ya nemi izinin rabuwa da mata don ya duƙufa ga ibada. Babu karo a tsakani. Wanda aka yi umarni da shi aikin zuciya ne: ta yanke tsammani daga kowa sai Allah. Wanda aka hana shi ne mutum ya ɗauki barin aure a karan kansa ya mai da shi ibada, kamar yadda ruhubanawa suka ƙaga wa kansu. Shaida mafi kusa ita ce Nana Faɗima (R.T.A). Ana yi mata laƙabi da Batula, alhali matar Sayyadina Aliyu ce, uwar Hasan da Husaini.

Daga nan ne malaman Malikiyya suka ce aure ba shi da hukunci ɗaya ga kowa. Yana wajaba a kan wanda yake tsoron faɗawa zina in bai yi ba. Yana zama abin so ga mai buƙata da ke da halin riƙo. Yana zama halas kawai, yi da bari daidai, ga wanda ba ya buƙata, ba ya fatan haihuwa, auren kuma ba zai hana shi wani alheri ba. Yana zama makaruhi in zai yanke shi daga ibadar da ya saba ba tare da wata buƙata ba, har yana haramta in mutum ya san zai cutar da matar, ta wajen ciyarwa ko ta wajen shimfiɗa, ita kuma ba ta sani ba balle ta yarda. Da yawan tsofaffi suna tsakiyar wannan ma'auni ne, inda zaɓi yake hannunsu.

Tsohuwar da aka tsorata da batun salla ita ta fi cancantar a tsaya a kanta, don ita aka fi zalunta da jahilci. Sharuɗɗan salla a rubuce suke a Ahalari da Ishmawi da yara ke haddacewa a makarantun zaure daga Gangara har Cadakori: tsarki, shigar lokaci, suturta al'aura, fuskantar alƙibla. Babu miji a cikinsu. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 60 ta Suratun Nur, ya ambaci tsofaffin mata da suka daina tsammanin aure, ya yi musu sauƙi a sha'anin lulluɓi, bai zarge su ba, bai kuma ce a nema musu miji ba. Matar da ta cika wata huɗu da kwana goma na takaba ta mallaki al'amarinta. Bazawara ba a ɗaura mata aure sai ta furta yarda da bakinta.

Wannan tsoro shi ya haifi yawancin abin da ake kira auren ɗauki-sandarka, inda tsohuwa ke zaune gidan ɗanta, a ɗaura mata aure da wani dattijon unguwa, ya riƙa leƙowa jefi-jefi. In an cika sharuɗɗa, da waliyyi da sadaki da shaidu, aure ne ingantacce, kuma sau da yawa akwai rahama a cikinsa: an sami abokin hira, an sami mai tambayar yaya aka kwana. Aibin yana ga dalilin da ake ba ta. In don ta so ne, madalla. In kuwa don an ce mata gawar marar miji tana da naƙasu ne, to an ɗora mata abin da Allah bai ɗora mata ba.

Masu wancan ra'ayi ba su rasa abin kamawa ba, kuma adalci ne a faɗe shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kawo a littafin aure na Ihya'u cewa Abdullahi ɗan Mas'ud da Mu'azu ɗan Jabal sun ƙi jinin su gamu da Allah ba su da aure, har Mu'azu ya nemi a aurar da shi yana cikin ciwon annoba bayan rasuwar matansa. Wannan kwaɗayin sunna ne daga manyan mazaje, ba su kuma mai da shi sharaɗin karɓar aikin kowa ba. A ɗaya gefen ga Ummu Darda'i ƙarama, malamar nan ta Sham. Mu'awiya ya nemi aurenta bayan rasuwar Abu Darda'i, ta ƙi, saboda ta ji cewa mace ta mijinta na ƙarshe ce a Aljanna, ita kuwa Abu Darda'i take so. Ta zauna tana karantar da maza da mata shekaru masu yawa, babu wanda ya ce ta saɓa.

A karkarar Maraɗi akwai wani lissafi da tsohuwa ke yi wanda ba ta cika faɗa wa malam ba. Ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gonar gandu ta rarrabu tsakanin magada, rabon matan mamaci kuwa tumuni ne in ya bar ƴaƴa, shi ma su raba tsakaninsu. Abin da ta riƙe shi ne ƴar gamanar da take nomawa tun tana amarya, da ɗakinta, da jikokin da iyayensu suka tafi ci-rani suka bar mata. In ta tare a gidan wani miji a wani gari, duk waɗannan za ta bari. Wadda ta ƙi aure don wannan dalili ba ta buƙatar ta sa masa rigar zuhudu kafin ya halatta. Ummu Hani ƴar Abu Ɗalib ta ba Annabi (S.A.W) da kansa hanzari da ƙananan ƴaƴanta, ya kuma yaba wa matan Ƙuraishawa a kan tausayin yara. Haka nan wadda ta yi wa mijinta alkawari a gadon mutuwa cewa ba za ta sake aure ba, malamai sun ce wannan alkawari bai ɗaure ta ba in daga baya ta ji tana buƙata.

Dattijon da matarsa ta rasu lamarinsa ya fi gajarta. Bahaushe ba ya raga wa gwauro, shi ya sa kunya kan tura mutum inda buƙata ba ta tura shi ba. Ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: idonsa da zuciyarsa sun kwanta? In ba su kwanta ba, ya yi aure ko yana da shekara 80, carbi ba ya maye gurbin halas. In sun kwanta, yana da magabata. Imam Ɗabari mai tafsiri ya rasu a Bagadaza a shekara ta 310 ya haura shekara 80 bai taɓa aure ba, Bishrul Hafi ma haka, kuma dalilin Bishru tsoron tauye haƙƙin mace ne. Abin da ya fi gwauranci muni nesa ba kusa ba shi ne a kawo wa tsoho yarinya sa'ar jikarsa don ta dafa masa tuwo ta wanke masa riga, a kira abin raya sunna, alhali kowa ya san jinya aka kawo ta yi. Mai buƙatar jinya haƙƙinsa yana wuyan ƴaƴansa.

Na ukun nan, mai mata da rai, shi ne wanda shaiɗan ya fi samun ƙofa a kansa, domin abin nasa yana kama da waliyyantaka. Wanda ba shi da aure haƙƙin kansa yake bari. Mai aure kuwa abin da yake shirin bai wa Allah ba nasa ba ne shi kaɗai. Bukhari ya kawo labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i, ya tarar da matarsa, Ummu Darda'i babba, cikin tsummoki babu ado, ta gaya masa mijinta ba shi da sauran buƙata da duniya. Salmanu ya sa shi ya karya azumin nafila, ya hana shi tsayuwa sai ƙarshen dare, ya tuna masa cewa iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W), Salmanu ya gaskata. Wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, Suratul Baƙara ta ba shi wata huɗu, ko ya dawo ko ya sake ta. Shehu Halilu a Muhtasar ya ma ambaci mai dawwama cikin ibada har ya bar shimfiɗar matarsa a cikin waɗanda alƙali zai iya raba aurensu in ta kai ƙara. Ke nan a mazhabar Imam Malik tsayuwar dare ba ta zama hanzari a gaban alƙali.

Hanyar da aka buɗe wa ma'aurata tsofaffi ita ce ta Nana Saudatu ƴar Zam'atu (R.T.A). Da girma ya kama ta, ita da kanta ta bar wa Nana A'ishatu kwananta, ta zauna cikin matan Annabi da cikakken matsayinta. Kyautar daga mai haƙƙi ta fito, ba a ƙwace ba. Ci da sha da sutura da wurin zama ba su faɗi ba. Malikiyya suka ƙara da cewa wadda ta yafe kwananta tana da ikon janyewa duk ranar da ta ga dama, domin ba kowa ke iya jure abin da ya zaci zai jure ba. Saboda haka in Malam da Inna sun zauna sun yi magana, kowa ya ce ya yafe wa ɗan'uwansa, ba laifi su raba ɗaki, su ci gaba da zaman mutunci. Matsalar ita ce a gidajen Hausawa ba a yin wannan magana. Uwargida mai kunya ba za ta buɗe baki ta ce tana son kwananta ba, sai a ɗauki shirunta a matsayin yarda. Ya fi muni in uwargidan kaɗai aka yi wa zuhudu, ɗakin amarya kuwa ana shiga. Wannan tuban muzuru ne.

Akwai kuma wanda ciwon suga ko hawan jini ya rage wa ƙarfi, maimakon ya je likita ko ya gaya wa iyalinsa gaskiya, sai ya ce ai ya kai wani maƙami ne. Rashin lafiya jarrabawa ce mai lada ga wanda ya yi haƙuri, amma canza mata suna ƙarya ce, kuma murid ya fi kowa sanin yadda rai ke son a yabe shi da abin da bai yi ba.

Ɗan ɗariƙa ba ya buƙatar neman misali da nisa. Shehu Ahmadu Tijjani (R.T.A), wanda ya rasu a Fas a shekara ta 1230 bayan Hijira, mai iyali ne, ya bar ƴaƴa, kuma tarbiyyar da ya zo da ita ba ta gindaya halwa ko ƙaurace wa mutane ba; hanyar godiya ce a tsakiyar jama'a. Ya kuma umarci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin shari'a. Shehu Ibrahim Inyass (R.T.A) ya rayu daga 1900 zuwa 1975 cikin babban gida a Kaulaha. A cikin sharuɗɗan karɓar wuridi babu barin aure, lazimi da wazifa da zikirin Juma'a kuwa mai mata huɗu yana cika su kamar yadda gwauro ke cikawa. Duk wanda ya ce shehunsa ya ba shi izinin ƙaurace wa iyali, a tambaye shi ko iyalin sun ba shi.

Saura ƴaƴa, waɗanda galibi su ne ke tura tsoho ko su tare shi. Wasu suna gaggawar aurar da uwa don nauyin tuwonta ya sauka daga kansu. Wasu suna hana uba aure don kada a sami ƙarin mai gado a gonar da dama ba ta isa ba. Littattafan Malikiyya sun rufe ƙofofin biyu. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa ko ɗiya mai hali, kuma ciyar da uwa ba ya faɗuwa don ta auri matalauci. Uban da ke buƙatar mata kuwa, ba shi da abin yi, wajibi ne ɗansa mai hali ya aurar da shi mace ɗaya, ya kuma ɗauki nauyin ciyar da ita. Wanda yake ci-rani a Katsina ko Agadas, da wanda ya tsaya gida ya noma gandu, damin hatsin da za a kai ɗakin Inna bayan kaka yana kansu gwargwadon ƙarfin kowa, ko ta yi aure ko ta zauna.